Na Yi Wa Maƙwabcina Maganar Yesu, Ya Bar Mini Cinyar Akuya

Salama gare ku jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, Kirista da Musulmi duka ina so in ji bakinku.

Ranar jajibirin Kirsimeti na yi wa maƙwabcina maganar Yesu, daga ranar ya daina shiga kekena. Ni ban yi makaranta ba, ina faɗa ne matata tana rubutawa.

Ni direban keke napep ne a nan Bauchi, daga kudancin jiha na fito. Na ga abubuwa a rayuwa. An taɓa ƙone mana gida lokacin wani rikici, na rasa ƙanena, ba zan shiga wannan ba. A ranar, wani Bafulatani mai sayar da shanu, zan kira shi Malam Buba, shi ya tura ni da matata da goyonta ɗakin mahaifiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa har ƙura ta lafa. Daga baya shi ya samo mana ɗaki kusa da gidansa a unguwar Gwallameji. Tun daga nan kowace Kirsimeti shi yake yanka mana akuya, don iyalinsa su iya cin abincinmu, kuma cinya ɗaya tasa ce. Da Babbar Sallah shi ma ya aiko mana namu. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa ɗan daji, mu yi dariya.

Bana ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, ya rame. Kowace Litinin ni nake kai shi asibiti in jira shi in dawo da shi. Ana nan sai fastonmu ya yi wa'azi, ya ce kada mu raba shinkafa kawai a wannan biki, mu raba bishara, kuma wanda ka fi ƙauna shi za ka fara faɗa wa. Maganar ta zauna mini a ƙirji. Ban da iyalina babu wanda nake ƙauna kamar Buba, kuma ina ganin yadda jikinsa yake tafiya.

Ranar yankan ya zo da ƙaninsa, ni na danne masa akuyar. Ya yi bisimilla ya yanka. Yana wanke wuƙa na ce, "Malam Buba, ba na so ka mutu ba ka san Yesu ba." Haka na faɗa, ban iya kwana-kwana ba. Matata ta ce in rubuta cewa ta tsunkule ni a baya, gaskiya ne ta tsunkule ni.

Bai yi faɗa ba. Ya ce wato har na gama masa lissafin mutuwa ke nan. Ya ce shi ya san Annabi Isa tun yana yaro kuma yana girmama shi. Sannan ya tambaye ni, ranar da ya ɓoye mu a ɗakin innarsa, ya ce mini sai na yi kalmar shahada kafin in shiga? Ya mayar da wuƙarsa kube ya fita, ƙaninsa ya bi shi. Cinyar tana kan tire.

Washegari matata ta kai musu shinkafa da cinyar, matarsa ta karɓi shinkafar ta yi godiya, amma cinyar aka dawo da ita. Ranar Litinin na fito da keke na tsaya a ƙofarsa, aka ce ya riga ya tafi. Na gan shi a bakin titi yana jingine da katanga, yana jiran keken wani. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Na je gaishe shi da yamma, ya amsa da sunana na gaskiya. Bai ce Kaɗo ba.

Matata ta ce in je in durƙusa in ba shi haƙuri, ta ce na zaɓi mugun lokaci, ga ƙaninsa a tsaye, ga maganar mutuwa ga marar lafiya. Wani dattijon cocinmu ya ce ba a neman gafara kan bishara, in bar shi, iri na shuka. Ni kuma ba zan iya ce wa Buba ƙarya na yi ba, don abin da na gaskata na faɗa. Kuma ba zan iya zama ina kallonsa yana jan ƙafa a titi ba.

To ku faɗa mini, akwai haƙurin da zan ba shi ba tare da na musanci Ubangijina ba? Musulmin da ke nan, in kai ne Buba, wace magana za ta buɗe maka ƙofa?

Gobe Litinin. Na kyafe cinyar tana rataye a ɗaki, na hana kowa taɓawa. Na zuba mai a keke. Ban san ko in tsaya a ƙofarsa ko in wuce ba.