Gaisuwa Daga Kan Darbejiya

Bakura

Zuwa ga ƙanena Abdulmumini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Lantana da yara. Yaya kaka, yaya haƙuri da zaman da muke ciki? Tunda aka yanke mana layukan waya mun koma takarda kamar iyayenmu. Ɗantani direba ne zai miƙa maka wannan.

Maganar ɗiyarka Farida ce, wadda ka ba ni riƙo tun tana rarrafe. Ka san Auwalu, telan nan ɗan Kaya ta ƙasar Maradun, ya daɗe yana nemanta, ita ma ranta yana wurinsa. Na samu labari baffansa Alhaji Sanusi zai taso da kansa zuwa Mafara yin bincike a kanmu. Mutum ne mai ji da asali. An ce ko akuya zai saya sai ya tambayi kakarta.

Abin da nake so kaɗan ne. Ka ajiye igiyar nan da zarto na ɗan lokaci, ka sa wankakkiyar riga, ka zauna a shagon hatsin ƙanenmu Sadi. In sun tambaya, manomi ne mai taɓa kasuwanci. Ai ba ƙarya ba ce, kana da gona a Garbadu. Ni na san aikinka, amma a idon mutane duk wanda ya hau itace da ƙarfe a hannu mai saran itace ne, a tabarma ɗaya suke ajiye shi da masu gawayi. Kada ka yi mini taurin kan nan naka, ni na goya ka, na san inda ya tsiro.

Ka gaida mutan gida.

Yayarka,
Taibatu

Talata Mafara

Zuwa ga Yaya Taiba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da gaisuwar girma, ke da maigida da Farida. Muna lafiya, aiki sai godiya.

Saƙonki ya iso, na karanta shi a gindin mangwaro, na sha dariya. Yaya, ni da ban san inda Sadi yake rataye mudunsa ba, ni zan zauna ina auna gero? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron unguwa na farko da za su tambaya zai nuna musu sama.

Kuma ba na saran itace, gyara shi nake yi. Mai sara yana barin kututture, ni ina barin inuwa. Tun ina saurayi nake yi wa mangwaro aure a lambunan Bakolori har ya ba da 'ya'yan da ba su da zare. Ni nake cire kaucin da yake shanye itace tun bai kashe shi ba, ni nake sauke reshen da ya ruɓe ba tare da na yage ɓawon uwar ba. Wanzami ma aska yake riƙewa, ban taɓa jin an kira shi mahauci ba. Maƙera suna da sarkinsu, magina suna da nasu, mu ko sunan kirki ba a raɗa mana ba. In ni da nake yin sana'ar na ɓoye ta ranar da aka zo tambaya, wa zai faɗi sunanta?

Da wannan igiyar na ciyar da gidana. Su zo su gan ni yadda nake.

Ƙanenki,
Abdulmumini

Bakura

Abdulmumini,

Sallama da gaisuwa, don addini ya ce a yi, ba don ka kyauta ba.

Ka ce su gan ka yadda kake, to sun gani. Matar wan Auwalu ta zo har ɗakina ta zayyana mini komai. Alhaji Sanusi da dattawa biyu suka sha hanyar nan mai hatsari, aka raka su har gindin darbejiya, suka yi maka sallama. Kai kuma ka amsa daga sama, ƙafafunka suna reto a kan hulunansu. Ka ce su jira. Garin katako yana zuba a kan farar rigar Alhaji kana ta jan zarto. Da ka ga dama ka sauko, sun kai bakin titi.

A ina aka taɓa gaida manya daga sama? Baba ne ya koya maka ko Inna?

Yanzu ga abin da suka ce. Ka je Kaya ka ba da haƙuri, sannan ka bar hawan itace, don ba za a riƙa nuna surukin gidansu a kan reshe ba. Alhaji ya ce shi zai samo maka rumfa a kasuwa. In ba haka ba, a mayar musu da kayan da Auwalu ya kawo, magana ta mutu.

Farida kuwa, tuwonta yadda aka kai haka ake dawowa da shi. Ina jin tausayinta, ina jin haushinka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, Mumini. Ka tashi ka je.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Taibatu

Talata Mafara

Zuwa ga Yaya Taiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri, na san ranki a ɓace yake.

An ba ki rabin labari. Sa'ad da suka yi sallama, na riga na yanki reshen daga ƙasa, na ci rabinsa daga sama, igiyar da ke riƙe da nauyinsa tana naɗe a hannuna. A ƙarƙashinsa akwai katangar mutane da mata suna daka. Ba a barin reshe a haka ko wane ne ya yi kira. Ban san baƙi za su ga raini a ciki ba, amma na yarda a idonsu raini ne.

Shi ya sa na je Kaya. Na cire takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa na ba da haƙuri a kan gaisuwar da kuma rigar. Alhaji ya karɓa da sakin fuska, har ya sa aka kawo fura. Ba mugun mutum ba ne, Yaya. Sai ya kawo zancen rumfa, yana ganin gata yake yi mini. Ya ce, "Malam Mumini, mutum kamarka da hurhura, ka bar ma yara hawan icce. Wanga ba sana'a ta ba, neman abinci na."

Na ce, "Alhaji, gaisuwa na ɓata, ita niz zo gyarawa. Sana'ata ba ta yi ma kowa laihi ba, ba ni ba da haƙuri bisa kanta."

Na shanye furata na yi sallama. Auwalu ya raka ni bakin hanya kansa a sunkuye.

Kada ki zaci hankalina kwance yake. Tun daga Kaya har gida Farida nake gani a raina. Ba zan ajiye igiya don Alhaji ba, ba kuma don ke ba, duk da goyon da kika yi mini. Amma ki karanta wa Farida wannan takarda kada ki tsallake komai. Rayuwarta ce. In ita da bakinta ta roƙe ni, zan rataye igiyar in zauna a rumfa, kuma ba za ta taɓa jin gori daga gare ni ba.

Ki gaida maigida.

Ƙanenki,
Abdulmumini

Bakura

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da ladabi, kai da Inna da ƙannena. Allah ya ƙara maka lafiya.

Gwaggo ta karanta mini, ba ta tsallake komai ba, sai dai tsakin da ta riƙa ƙarawa. Da ta gama ta miƙo mini takarda da biro ta ce in rubuta roƙon. Ga abin da na rubuta.

Baba, ban roƙe ka ba, kuma ba zan roƙa ba. In na shiga gidan da sai da aka sauya mini uba kafin a karɓe ni, kullum zan riƙa jiran abin da za a ce in sauya na gaba.

Na ɗaure kayan Auwalu na ajiye a bakin ƙofa. Na aika masa cewa ko dai ya zo da baffansa ba tare da sharaɗi ba, ko ya aiko a ɗauka. Ina son sa, Baba, ba zan ɓoye maka ba, kuma na yi kuka. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa, don ban san ko su ne ko mai ɗaukar kaya ba.

Kai dai ka tafi aikinka gobe. Allah ya tsare mana kai.

Ɗiyarka,
Farida