Laimar Da Ka Naɗe

Zuwa ga maigidana, Abban Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da miji daga matarsa, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinka, ya sa kana cikin ni'imarsa. Mu nan lafiya lau muke. Nana ma lafiya, tana Kaduna a ɗakin mijinta, kullum sai ta kira ta yi mini faɗan rashin cin abinci kamar ita ta haife ni.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in sanar da kai cewa ranar Asabar ɗin da ta wuce na harba rokarka. Na san wasiƙar ba za ta iso ka ba. A shafina na intanet zan sa ta, mutane su karanta, wasu su ce Rabi ta fara zautuwa. To, su ce. Kai na saba kawo wa labari da ɗumi-ɗuminsa, kuma har yau ban sami wanda zan sauya ka da shi ba.

Bari in tuna maka yadda abin nan ya shigo gidanmu, ko masu leƙen wasiƙar mutane sa gane. Kai da furfurarka, da ofishinka a ma'aikata, da mutane a ƙarƙashinka suna ce maka ranka ya daɗe, ka dawo wata rana da bututun kwali da gam da samfefa ka baje mini su a teburin cin abinci. Ka ce roka za ka haɗa, 'yar ƙarama mai tsawon kamu, da inji kamar ɗan yatsa, ta tashi sama sannan ta sauko a hankali da laima. Na ce wato duk faɗin Najeriya kai ne za ka kai mu duniyar wata. Ka ce a'a, Paikon Kore kawai za ka kai ni.

Ka kuwa kai ni. Can na ga ashe ba kai kaɗai ba ne, kuna da kulob guda na masu wannan lalura. Ga malaman makaranta, ga ɗalibai, ga Oga Bulus makanikenka na Apo, wanda gyaran mota ya haɗa ku har ya zama amininka. Shi ke zuwa da batirin mota da wayar da ake kunna injin da ita. Kafin ku taɓa komai sai kun je kun gaida mai gari, kun sanar da 'yan sanda, don a wannan zamani namu ba a ganin hayaƙi ya nufi sama a yi shiru. Babbar ranarku kuma bayan ruwan farko take, kafin manoma su yi shuka, lokacin da ƙasa ta jiƙa, ciyawa ba ta kama wuta.

Ni aikina kular dambun shinkafa da zoɓo. In shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, in yi kamar ba ruwana da ku. Amma da an fara ƙirgen tashin roka sai in tsinci kaina a tsaye kusa da kai.

Kowa da Turanci yake ƙirgensa, kai kaɗai ne ka kafe sai da Hausa. Oga Bulus ya yi ta tsokanarka da Hausarsa ta Abuja: "Oga, wannan roka bai jin Hausa fa." Kai kuma ka ce, "Za ta koya."

Ka tuna rigimar hoda? Hodata ta riƙa ƙarewa ba dalili, na ɗora wa Nana laifi har yarinya ta yi kuka. Sai ranar da na kama ka a falo, ka shimfiɗa ledar nan mai laushi ta masu wanki da guga wadda kake yanka laima da ita, kana barbaɗa mata hodata kamar amarya. Ko kunya ba ka ji ba. Ka zaunar da ni ka yi mini lacca, wai leda in ta daɗe a naɗe mannewa take yi, in ta manne ba ta buɗewa a sama, in ba ta buɗe ba roka da ka take saukowa ta tarwatse. Daga nan na haddace maganarka, don ka faɗe ta har ta ishe ni: "Laimar da ta kwana a naɗe ba a yarda da ita." Shi ya sa duk ranar harbi sai ka warware, ka sake barbaɗa hoda, ka sake naɗewa a kan murfin mota.

Rokarka ta ƙarshen nan ita ka fi daɗewa a kanta. Ka yi mata fenti kore da fari, na ce ta zama tasin Wuse, saura fasinja. Ranar Alhamis da yamma ka naɗe laimarta ka cusa a ciki, ka rufe da hularta, ka ce gwaji ne kawai, ranar Asabar za ka sake. Ranar Juma'a ƙirjinka ya riƙe. Asabar ɗin da za a harba ta, a ranar aka kai ka makwancinka.

Bayan na fita takaba aka raba kayanka, yadda shari'a ta ce, ban kuma yi ƙorafi ba. Sai dai na je wani biki na hango babbar rigarka shuɗiya a jikin ƙaninka daga baya, tsayinku ɗaya, sai da na nemi bango na dafa. Rokar ce kawai ba wanda ya sa a lissafi. Ƙanin naka ya ce ai kayan wasan yara ne. Na ce haka ne, a bar mini.

Na ɗora ta a kan wadirob. Ka gane, Abban Nana, komai naka ya canza hannu. Zannuwan gado an wanke, ƙamshinka ya fita. Motarka an sayar. Hatta kujerarka baƙi sun zauna a kai har ta manta da kai. Amma a cikin wannan bututun kwali akwai abu guda da hannunka ya naɗe, ba kuma hannun da ya taɓa shi bayanka. Ban taɓa buɗe hular ba. Sanin yana ciki ya ishe ni.

Da aka yi ruwan farko na bana sai ga Oga Bulus da matarsa, sun kawo mini doya. Bai taɓa yi mini zancen rokar ba sai ranar. Ya yi ta juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Madam, ba na tilasta ki. Amma Oga bai gina wannan abu domin ya zauna a kan wadirob ba."

Raina ya ɓaci, kuma na nuna masa. Ni da na ga rokoki nawa sun tafi ba su dawo ba? Na ga wadda ta maƙale a kan giginya, mai ita yana tsaye yana kallo kamar maraya. Na ga wadda iska ta kwasa ta kai rafi. Na ce masa a gaida gida.

Bayan tafiyarsu na hau kujera na sauko da ita, don kawai in share mata ƙura. Sai na ga kyankyasai sun fara cin gam ɗin gindin fiffike ɗaya, fentin wurin ya tashi. Na zauna a bakin gado da ita a cinyata. Ashe ajiyar ma ba tsira ba ce, a hankali take tafiya ina barci a ƙarƙashinta. Washegari na kira Oga Bulus na ce ya gyara fiffiken, zan zo.

Filin yana nan yadda ka bar shi, mangwaron ma yana nan. Tsofaffin 'yan kulob suka taso suka gaishe ni, aka yi maka addu'a, Musulmi da Kirista kowa da irin tasa. Amma akwai sababbin fuskoki da yawa da ba su san ka ba, suna ta hidimarsu suna dariya. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, ko da yake ba laifinsu ba ne.

Oga Bulus ya sa mata sabon inji. Sannan ya kai hannu zai cire hular. Ban san lokacin da na ce kada ya taɓa ba, da muryar da ta sa kowa ya waiwayo.

Ya janye hannunsa. A hankali ya ce, "Madam, leda ya daɗe a ciki. In ba mu buɗe shi ba zai manne. Roka zai sauko da kai."

Na ɗauke ta na shiga motar Oga Bulus na rufe ƙofa. Abin a fili yake. In na bar naɗinka yadda yake, rokar za ta farfashe a gaban idona. In na warware, na rushe abu na ƙarshe da ka yi da hannunka. In kuma na ce a fasa, na koma da ita gida na miƙa wa kyankyasai. Na yi ta neman hanya ta huɗu ban samu ba, sai maganarka ce ke ta yawo a kaina. Har tsaki na yi maka, wallahi. Mutum yana kabari amma bai daina cin gardama ba.

Ni na buɗe da kaina. Ban yarda kowa ya taya ni ba.

Ƙamshin tsohuwar hodata ne ya fara fitowa, irin wadda na daina saya tun rasuwarka. Sai ga laimar, 'yar dunƙule, ka zagaye ta da zarenta sako-sako yadda kake yi. Kuma gaskiyarka, ta manne. Sai da na riƙa ɓamɓare ta da farce, ninki bayan ninki, ina bismilla kada ta yage. Da ta gama buɗewa a cinyata sai na ga duk layukan ninkinka sun kwanta a jikinta raɗau, kamar karin guga. Na ciro hoda a jakata na barbaɗa, na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, inda ka lanƙwasa in lanƙwasa. Ta koma daidai yadda ka yi ta. Na ji sanyi a raina, na ce ashe ban yi asarar komai ba, ko yaushe na so zan bi sawunka in mayar.

Aka zura ta a sandar ƙarfen da take bi ta tashi, aka jona waya, kowa ya ja baya. Oga Bulus ya miƙo mini maɓallin. Shi ya fara ƙirgen, kuma da Hausa ya fara. Tsofaffi suka kama, sababbin ma suka bi ba tare da sun san dalili ba. Biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Na danna.

Ta tashi, Abban Nana. Fuuu, da farin hayaƙi da warin ashana, a miƙe sak, ko karkata ba ta yi ba. Na bi ta da ido har ta zama ɗigo. Sai wannan ɗan shirun na can ƙoli, lokacin da ba a san ko laima za ta buɗe ba, lokacin da kake damƙe mini wuyan hannu har in ce ka sake ni. Hannuna yana nan a sake, ba wanda ya riƙe. Sai na ga abu ya yi fari a sama, ya kumbura. Ta buɗe.

Iska ta ja ta can wajen kunyoyin doya. Ka san dokarku, mai roka shi ke ɗauko abarsa. Matasa suka yunƙura, Oga Bulus ya tsayar da su. Na tattare zanina na shiga gona da wannan gwiwar tawa, laka tana kama mini takalmi. Wata Bagwariya da itace a kafaɗa ta nuna mini da haɓa, ta ce kayanmu ya faɗi can bayan ɗorawa.

Na same ta kwance a tsakanin kunya biyu, lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Amma iska ta yi ta jan laimar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta cukurkuɗe ta, ta shafe ta da laka. Na durƙusa na goge da gefen mayafina. Na ɗaga ta a rana, na juya ta gaba da baya ina neman layukanka. Duk ta yamutse, tamoji ko'ina, ban iya gane wanne ne naka wanne ne na iska ba.

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai, don ranar gida cike yake da masu ba ni haƙuri. Nan kuwa ba kowa sai ni da ɗorawa. Da na gaji na miƙe na ɗaga rokar sama don su gani, na ji tafinsu da shewarsu daga nesa. Murna suke yi, kuma suna da gaskiya.

Yanzu tana gida. Na wanke ledar na shanya, na yi ta gwada naɗe ta, ta ƙi shiga bututun. Oga Bulus zai iya nuna mini, na sani, amma nasa naɗin zai nuna mini. Ban yi nadama ba, kada ka ce na yi. Da za a mayar da ni cikin motar nan, buɗewa zan sake yi. Kawai dai ina so ka sani aikinka ya yi kyau, ya tashi, ya dawo, kuma ni ce na gani a madadinka. Ina kewarka, Abban Nana. Kewar ba ta ragu ba, na dai iya ɗaukarta ne.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Allah ya saka wa amininka da alheri. Ya ba ni haƙurin abin da ya rage mini, in tawa ta zo ya sa in cika da imani, ya haɗa ni da kai a inda ba a rabuwa.

Wassalam.

Matarka har gobe,
Rabi