Sai an Taka Yake Yoyo

Bosteri, farkon Yuli

Yaya Toktosun,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ciwon gwiwa? Tunda guduman ma'aikatar jiragen ruwa ta Balikci sun cinye maka kunne, waya ba ta da amfani, ga takarda ta hannun direba, da kwalbar zuma.

Ka fara da hamdala, Yaya: 'yarka Akilai tana raye. Ran Laraba ta fita tafki da farin babur ɗin ruwan nan da ake hawa a tsaye, wanda take shirin gasar ƙarshen Agusta da shi. Ta yi nisa sai inji ya shaƙe, gindin ya nitse, hanci kawai ke leƙe. Ka san sanyin tafkinmu Isik-Kul can ciki. Masunta suka tsamo ta leɓe ya yi shuɗi. Da muka ɗaga murfi, ɗakin inji cike da ruwa fal.

Uwarta, matata Burul, ta kewaya mata kwanon ruwa a ka ta zubar don kore sharri kamar yadda aka saba, sannan ta juyo kaina. "Ko ka nuna mini ramin da idona, ko ka kira 'yan gwangwan. 'Yata ba kifi ba ce." Ita kuwa yarinyar abu ɗaya ta ce: "Baba, kai ka ce ba injin da ya fi ƙarfinka."

Ka san ni. Da kwalekwalen feda guda na fara a bakin yashin nan, yau ina da babura shida, ba wanda ya kama hannuna. Na sake tiyo, na sake robar bakin murfi, na sake fakin da ke hana ruwa bin sandar farfela. Na cika cikinsa da ruwa a kan tirela na kwanta a ƙasa, ko ɗigo. Na toshe kafofi na hura iska na shafa sabulu, ko kumfa. Na ɗaure shi a bakin tafki ya wuni, a bushe na same shi.

Ba shawara nake nema ba, labari nake ba ka. Amma in wani abu ya faɗo maka a rai, direban yana dawowa jibi.

Ƙaninka,
Jirgalbek

Balikci

Ranka ya daɗe Darakta,

Na amsa gaisuwa, zuma ta iso. Allah mun gode maka da ran yarinyar nan. Na karanta takardarka.

Tunda ba shawara kake nema ba, ni ma labari zan ba ka. Akwai wani mutum a Bosteri da yake barin baburansa a tsakar gida duk lokacin sanyi, in an yi magana ya ce tafkinmu tun kakanni bai taɓa daskarewa ba. Gaskiyarsa. Sai dai ruwan da ya bar tafki ya zama ruwan kowa. In ya maƙale cikin soson da ke ƙarƙashin inda mahayi yake tsayawa, sanyi ya kama shi, ƙanƙara za ta buɗe faibar da aka yi jikin babur da ita kamar yadda take fasa tulu.

Ka ɗaga gindin babur ɗin ka ji nauyinsa. Sannan ka tuna, duk gwajin da ka yi ba kowa a kansa. Ka ɓare shimfiɗar robar da mahayi ke takawa, ka sake hura iska, amma wani ya hau ya taka.

Ka gaishe da amaryarmu. Tana da gaskiya.

Yayanka,
Toktosun

Bosteri, tsakiyar Yuli

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma. Na gane mutumin Bosterin da kake nufi, na kuma isar masa da saƙo. Ya ji kunya, ya gode.

Gindin ya yi nauyi kamar an ɓoye rago a ciki. Muka ɓare robar, ina famfo, Akilai na shafa sabulu. Ta hau ta tsaya, ba kumfa, don yarinyar ba ta da auki, tsallen igiyar ruwa ne ke ba ta nauyi. Sai ga Burul ta fito daga kicin hannu duk ƙullun burodi.

"Wasan me kuke yi da sabuluna?"

Na ce, "Babban Yaya ya ce sai an taka."

"To ku gusa. Na daɗe ina son taka abin nan."

Yaya, da ka gani! Matar da ko ƙafa ba ta taɓa sawa a tafki ba, ta tattare riga ta hau da takalmin robarta, ta buga ƙafa kamar mai kashe kunama. Nan take kumfa ta taso layi guda, daga diddigenta har bangon da ya raba soso da ɗakin inji. Ta ɗaga ƙafa, tsagar ta rufe baki. Ta sake takawa, ta buɗe. Akilai ta yi ihu. Burul ta tsuguna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe kai ne." Ban san ko da tsagar take ko da ni ba.

Na yanke wurin, na kwashe soson, yana tsiyaya kamar burodin da ya faɗa shayi. Bangon ma ya tsage ta ƙasa, ta nan ruwan ke wucewa wurin inji. Na bar shi a rana ya bushe ƙayau, na goge da samfefa, na zuba sabon soso, na shimfiɗa faiba ninki-ninki. Aikin hannuna ne, kai ma ba za ka sami abin kushewa ba.

Saura magana ɗaya. Burul ta ce ta ga ramin, amma ba ta ga gyara ba. "Mai gyara shi zai fara hawa. In ya yarda da hannunsa, ya kai kansa inda 'yata ta nitse." Kai kaɗai ka san ban taɓa hawa na tsaye ba.

Na gode, Yaya. Ban saba rubuta kalmar ba, ka adana takardar.

Jirgalbek

Balikci

Ƙanena,

Muna lafiya. Ka sa rigar ceto, ka fara a gwiwa, kada ka miƙe sai ya ɗau gudu. Ka bar girman kai a bakin yashi, ya fi soso shan ruwa. Allah ya tsare.

Toktosun

Bosteri, Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, a tsaye, don zama ya gagare ni.

Na hau. Na faɗi har masu sayar da masara suka bar tukwanensu suka zo kallo, wani yana cewa, "Darakta, kifi kake nema?" Amma na kai wurin, na kewaya, na dawo. Muka jawo shi kan yashi na ɗaga murfi. Burul ta ture ni, ta kwance farin ɗankwalinta a gaban jama'a, ta cusa hannu har ƙasan inji ta goge kowane lungu. Ta fito da shi ta duba. Baƙin mai ne kawai, ba laima.

Akilai na tsaye a gefe. Uwar ta miƙa mata ɗankwalin ta ce, "Ki wanke mini wannan. In kin dawo daga tafki."

Ran Asabar za mu yanka ragon godiya. Ka zo, kan ragon naka ne, kai ne babba.

Ƙaninka mai godiya,
Jirgalbek