Turaren da ke cikin buhun wake

Jibiya, 9 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga Yayana Maharazu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da dukan mutanen zango. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a fataucinka, ya tsare ka daga sharrin hanya. Mu nan sai godiya. Na leƙa Katsina wancan watan, na tarar ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa gidan Fatimatu ba sanda. Fatimatu kuwa ta sauka lafiya, an sami mace. Gero ya yi kyau a Riko da Bugaje, gyaɗa ce dai ruwa ya ɗauke mata da wuri.

Yaya, na yi saurin rubuto maka ne don kada fataken goro su riga ni, su kawo maka labarina a karkace. Ana cewa a garin nan wai ni ɗan rahoton ma'aikatan bakin iyaka ne, kuma saboda wannan zance ajina ya kusa watsewa. Bari in gaya maka yadda abin ya faru.

Ka san halina da son yara su kama Turanci da wuri. Sai na ƙirƙiro musu wani wasa. Nakan zaɓi harafi ɗaya, mu tattara kalmomin Turanci masu haruffa biyar waɗanda wannan harafi ke cikinsu, ko a farko ko a tsakiya. Ranar kasuwa sai in fita da su, duk wanda ya riga ganin abin ya nuna shi da yatsa ya faɗi sunansa da ƙarfi, shi ya ci. Na lura abin da yaro ya gani da ido ya kira da baki ba ya mantawa. Wadda ta fi kowa ci ita ce Luba, 'yar Arzika mai masaukina, wanda ke fatauci da jakuna tsakanin nan da Maraɗi. Yarinya ce mai kaifin kai, har ina burin a ɗauke ta makarantar gaba.

Akwai wani akawu a shingen bakin iyaka wajen Magama, sunansa Kalilu, mutumin Kano. Shi kaɗai nake samu mu taɓa Turanci, don haka yakan zo mu sha shayi mu duba jarida. Da na ba shi labarin wasan sai ya yi ta yabo, ya ce me zai hana mu ɗauki harafin c a wancan makon. Ni na kawo camel da chalk, wato raƙumi da alli, shi ya ƙara cloth da scent, wato tufa da turare. Ya kuma ce in kawo yaran bakin shinge maimakon cikin kasuwa, wai raƙuma sun fi wucewa ta can. Na yi masa godiya har da riƙe hannu.

Da hantsi muna tsaye a gindin wata bedi kusa da shingen, yara na ta ihun camel, raƙuma na harararsu, sai ga Arzika da jakunansa ɗauke da buhuna. Ya gaisa da Kalilu, ya ce wake ne. Luba ta ruga ta tari babanta, ta rungumi wuyan jakin gaba, sai na ga ta ɗaga hanci. Nan take ta juyo da murna ta ƙwala scent, don tun safe ba wanda ya sami wannan kalma. Sauran suka ɗauka da tafi. Kalilu bai ko yi gaggawa ba, ya sa aka kwance buhun, sai ga kwalaben turaren Faransa da atamfa kwance a tsakiyar wake. Aka kama kayan duka. Yaya, ban taɓa ganin fuska ta sake kamar ta yarinyar nan ba sa'ad da ta gane abin da ta ci.

Kafin la'asar magana ta game gari. Wasu suka ce na mayar da 'ya'yansu karnukan farauta masu sansano kaya. Wasu suka ce Turancin nan usur ne, ni ke hurawa, akawu na amsawa. Ɗanmaraya mai tsire ya laƙaba mini Malam Hanci, in na doso sai ya rufe tsirensa da faifai wai kada in kira sunansa a kama. Ka san nan rabin gari da tsallako da kaya a ɓoye yake ci, wa a wannan gefe, ƙane a wancan, ba su taɓa ɗaukar iyakar nan a bakin komai ba. Arzika ya hana Luba zuwa, maƙwabta suka bi sahunsa, aji ya koma ni da benci. Akushin tuwon da Sakinatu matarsa ke aiko mini ya daina zuwa. In na yi sallama a majalisa sai hira ta koma zancen damina.

Da fari haushinsu na ji. Amma da na zauna sai na fara tambayar kaina, wa ya zaɓi harafin, wa ya kawo kalmomin nan biyu, wa ya ce a zo bakin shinge? Ruwa ba ya tsami banza. Na ce wa raina zato zunubi, watakila katari aka yi. Ina cikin haka sai ga Kalilu da ganyen shayinsa, ya jajanta mini, ya ce kada in bar wasa mai amfani saboda surutun jahilai. Sa'an nan, kamar da wasa, ya ce mako mai zuwa mu gwada harafin g, ga sugar, ga cigar, wato sukari da taba, kuma duk gari an san su ne suka fi tsallakowa. Na dube shi, ya dube ni yana murmushi. Na tambaye shi ko da gangan ya yi na farkon. Ya yi dariya ya ce ashe ni ma cutar Jibiya ta kama ni. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Na ce masa wasa ya koma cikin aji, shayin ma ya isa haka.

Shekaranjiya Liman ya tara mu a zaurensa, ni da Arzika da iyayen yara. Arzika ya ce ba zai yarda ba sai na dafa Alƙur'ani. Na yi alwala, na dafa, na rantse ba wanda ya aike ni, kuma ban san abin da ke cikin buhun ba. Sai ya ce in ƙara rantsewa cewa abokina akawu ma bai shirya ba. Na janye hannuna, na ce wannan ba zan iya ba, don ban san cikinsa ba, kuma ni kaina ina shakka. Liman ya ce da ni maƙaryaci ne da na haɗa rantsuwar biyu na huta. Arzika ya sa takalmansa ya fita.

Jiya da safe sai ga shi da kansa riƙe da hannun Luba, yaran maƙwabta na biye. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya ce ga ta nan, in koya wa bakinta Turanci yadda na ga dama, amma in bar mata hancinta da Hausa. Yara sun dawo, Yaya, sai dai Luba ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Na ga leɓenta na motsi da amsa, amma ba ta bari ta fito. Ban matsa mata ba. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya, zan bi ta a hankali.

In wani ya kawo maka zancen, ka ga gaskiyarsa. Don Allah kada ya kai kunnen Inna. Ka gaishe mini da Yaya Salmatu, da su Ummaru da Fatu, a ce musu su riƙe karatu. Ka gai da Kawu Ɗantala, da mai gidan da ya sauke ka. Ka sa ni a addu'a, ka sa yarinyar nan ma. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Lawwali