Ranar da cibiya ta riga jariri fitowa

Yaya Sulemana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Mu nan unguwar Nima alhamdulillahi. 'Yata Ruhaina ta haifi namiji ranar Juma'a, yana shan nono, ita kuma ɗinkinta na warkewa, ko da yake har yanzu nakan kai kunnena bakin hancinsa in ji numfashi.

Na ji surukarta Hajiya Zuera ta buga maka waya, wai na tozarta gidansu, sai na ba da haƙuri kafin suna. To ga abin da ya faru. Wajen azahar faya ta fashe, na duba, sai na ga igiyar cibiya ta riga yaron fitowa. Hajiya ta ce a tura ta ciki, a ba yarinya rubutu, ta zaga tsakar gida naƙuda ta yi sauri. Ni kuwa na tuna allon da ke bangon ɗakin awon ciki a asibiti. Duk ranar da na raka Ruhaina sai na zauna ina haɗa baƙaƙensa, mata na yi mini dariya. Ungozoma ta taɓa fassara mini shi: idan kan yaro ya danne cibiya, numfashinsa ne aka danne.

Na hana kowa taɓa cibiyar. Na sa Ruhaina ta durƙusa kamar mai sujada, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, yadda allon ya nuna, don kan yaron ya ɗaga daga kan cibiyar. Ka san lungunmu mota ba ta shiga. A kan kurar masu dako muka ɗora ta a haka, na lulluɓe ta da zanena, muka ratsa mazan da ke shimfiɗa tabarmin sallah a titi har inda tasi take. Wannan ce tozartawar. A asibiti wata ungozoma ta sa hannu ta tallafe kan yaron, ba ta cire ba har ɗakin tiyata. Aka nemi mijin, Tajudeen, yana masallaci, wayarsa a kashe. Ruhaina ta amince a yi mata aikin, aka ce wani nata ya sa hannu a takarda. Hajiya ta ce a jira mai gida. Na karɓi biro, na rubuta Ƙaltume.

Yaya, ban taɓa ƙin maganarka ba, amma wannan karon kada ka umarce ni. Zan gaishe ta, zan dafa abincin suna, haƙuri dai ba zan bayar ba. In sun hana ni zama a wajen sunan, zan ji shi daga bakin ƙofa, tunda dai akwai wanda za a raɗa wa.

Ka gaishe da Damata, da Imoro, da ƙaramarka Najat, ka ce ta riƙe karatu da kyau.

Ƙanwarka da ta rubuta da hannunta,
Ƙaltume