Ruwan da Ya Nufi Ɗaki

Zuwa ga ɗana Tahsin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Nermin da yara. Tarin ƙaramar ya lafa? Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na koye shi.

Mu nan Rize kwana tara ke nan ana ruwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ban faɗa wa kowa ba.

Watan jiya babanka ya sake kwanon da ke kare ruwa a gindin tagar ɗakinka, wadda ke kallon teku. Ka san al'adarsa: in ya gama, sai ya ɗebo ruwa cikin kofin shayi ya zuba a kan kwanon, ya ga inda zai gangara. In ya yi waje, aiki ya yi. Ranar maƙwabcinmu Hikmet yana tsaye yana tsokanarsa, wai, "Usta, gwanin kafintoci, tsufa ya zo, ka bar wa yara guduma mana!" Babanka ya zuba ruwan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Nazmiye, ke ce kusa, ina ya nufa?"

Tahsin, ɗaki ya nufa. Da idona na gani. Amma shekara arba'in da aurenmu bai taɓa tambayar wani ba, nan na gane shi ba ya gani. Ga Hikmet yana murmushi. Sai na ce, "Waje."

Yanzu katakon bangon ya jiƙe, ya fara baƙi. Kullum ina tura tsumma a wurin, na jawo akwati na tare. Ba bangon ne ya fi damuna ba. Liman ya ba shi aikin tagogin masallaci, na sama, ran Litinin zai hau tsani. In na faɗa masa, na karya shi. In na yi shiru fa?

Mahaifiyarka,
Nazmiye

Ɗana Tahsin,

Ina gaishe ku duka, da fatan sanyin can bai matsa muku ba. Amsarka ba ta iso ba, ni kuwa ban iya jira ba.

Ran Lahadi da hantsi na janye akwatin, na kama hannun babanka na ɗora a kan katakon. Ya shafa, ya danna da babban yatsa, ya sunsuna. Ya buɗe tagar ya bi kwanon da tafin hannu tun daga baki har ciki. Can ya ce, "Na ɗaga bakinsa da yawa. Ko almajirin wata guda ba zai yi wannan ba."

Na ce laifina ne. Ya ce, "Laifinki ne mana, tsohuwar banza. Makaho ya tambaye ki hanya kin nuna masa rami." Ya yi dariya, ni na yi kuka, sai shi ma dariyar ta tsaya.

Mun ɓamɓare kwanon tare. Ya cusa gefensa na baya ƙarƙashin katakon sama, ya karkata shi, ya lanƙwasa leɓen yadda ruwa zai ɗiga nesa da bango. Hannunsa bai manta komai ba, ɗana. Ƙusoshin ne kawai nake ɗora masa yatsa a kai.

Da la'asar ya sa kwat ɗinsa ya tafi wajen liman shi kaɗai, ya mayar masa da aikin. Da ya dawo bai ci masarar da na gasa ba, ya zauna yana shafa gudumarsa. Tsanin kuwa ya ba Hikmet aro, ya ce kada ya yi gaggawar dawo da shi.

Ya ce in gaya maka, in ka sami hutu bayan tsinkar ganyen shayi, ka zo ka kai shi wurin likitan ido a birni. Ya ce kada in rubuta cewa roƙonka ya yi. To, ban rubuta ba. Amma ka zo da wuri.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka,
Nazmiye