Ga Shef ɗin Gareji, Daga Wanda Kunka Kira Malalaci

Zuwa ga Shef ɗin garejin manyan motocin da ke jigilar siminti, Malbaza.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ni ne Iro ɗan Bazaga, mai wankin inji da kunka kora kafin Sallar Layya. Da hannuna na rubuta wannan. Ban taɓa shiga lakwal ba, a jikin buhun siminti na koyi baƙaƙe.

Na ɗaya. Da anka kawo makanike ɗan Sipaniya, Faransancinsa bai kai na jaki ba, ba wanda ya gane shi a buro, wato ofishinku. Ni da ke tsugune da bokiti gefensa na kama bakin zaren. Ya nuna min inji, ya ce lavar, wato wankewa. Na rubuta ta da gawayi. Kalma ɗaya ta jawo goma, har na gane abin da yake ta yi wa ihu: ba a watsa ruwan sanyi ga inji mai zafi, ƙarfe na tsagewa. Mu kuwa mota na tsayawa muke sheƙa mata ruwan rijiya, wai ta sha iska, kamar doki.

Na biyu. Ranar da mota ta iso daga Tawa tana tururi, kunka ce in wanke ta nan take. Na ce a bari ta huce. A bakin ƙofa, gaban direbobi da mai tuwo, kunka kira ni malalaci, jahili mai kwaikwayon Bature, kunka ce in kama gabana. Wani ya ɗauki bokitin, ya sheƙa mata ruwa. Ƙarar da kulas, wato kan injin, ya yi da ya tsage, har mai gadi ya ji. Motar tana nan kan duwatsu, kaji na ƙwai ƙarƙashinta. Ku leƙa ta taga.

Na uku. Makaniken ya bi sawuna har Konni, ya ba ni burushi da makullan kwance inji biyar. Yau ina da rumfata a bakin tasha. Direbobinku ma nan suke layi, suna jira inji ya huce ba gardama. Ashe jahilci ba ya gidan da kunka aje shi!

Roƙona biyu ne. Ku hana wankin inji da zafinsa. Sannan ku ba ni takarda mai hatimi, cewa ba lalaci ya fidda ni ba. Ba aiki nake nema da ita ba, aiki ya same ni. Tsohona ne, tun da labari ya kai Bazaga ya daina zama dandali bayan la'asar. Ina so in karanta mishi ita da bakina, gaban tsaransa.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku kunnen jin na ƙasa da ku.

Wassalam.
Iro, mai wankin inji, tashar Konni.